Dutsen da Muka Rufe da Siminti

Shekara goma sha biyu ke nan, a wannan watan da ruwan Binuwai yake fara ja da baya, da rasuwar kawuna, yayan mahaifiyata, Malam Isuhu, Sarkin Ruwan Tungar Gajere. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Duk tsawon waɗannan shekaru ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, alhali rubutu shi ne sana'ata: shekara talatin da biyar na yi ina tsaron takardun hukuma a Garwa da Marwa kafin in ajiye aiki. Kunya ce ta riƙe mini hannu, domin babu yadda zan ba da labarinsa bisa gaskiya ban tona laifina ba. Abin da ya faru a ƙauyen bana shi ya raba ni da wannan shiru.

Ga wanda bai san wurin ba, Tungar Gajere ƙauyen masunta ne a gaɓar Binuwai, yamma da Garwa. Da rani mai babur yakan kai mutum, da damina kuwa sai jirgi mai inji. Unguwa uku ce. Ta Sarkawa, jikokin masuntan da suka biyo kogi tun daga ƙasar Kabi, ita ce a bakin ruwa. Ta Fulani tana kan tudu, inda shanu suke kwana. Ta Musgun, waɗanda suka zo daga baya daga wajen kogin Logon da irin nasu tarun, tana kusa da fadama. A gida Hausa ake yi, a kasuwar Laraba Fulatanci, Faransanci kuwa sai ranar da baƙo mai jaka ya sauka. Maza suna jefa tarun birgi suna ɗana mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, mata suna bandar tarwaɗa da ƙarfasa, har hayaƙin ya kama rigar baƙo ya raka shi gida. In ruwa ya janye kowa sai ya shiga fadama dashen masakwa, dawar rani. Bayan gari, a gindin wasu giginyu, akwai maƙabarta. A can mahaifiyata, Hajara, take kwance.

A mashigin ƙauyen, inda jirage suke tsayawa, akwai wani baƙin dutse mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, tsayinsa ya ɗara na mutum biyu, faɗinsa ya kai tsawon babban jirgi. Tun zamanin Bawa Gajere, kakan Kawu Isuhu, wanda ya fara kafa bukka a wurin, ake bin wata al'ada. Kowace shekara, in cikar kogi ta kai iyakarta, ruwa ya kwana uku bai ƙaru ba, Sarkin Ruwa yakan shiga jirgi da guduma da wani guntun ƙarfe mai kaifin baki, ya sassaƙa ɗan zane guda, tsawon gaɓar yatsa, daidai inda ruwa ya tsaya a jikin dutsen. Zanen bana yana hagu da na bara, domin daga dama suke tafiya kamar rubutun allo. A ranar ake raɗa wa shekarar suna. Bayan ruwa ya sauka, wata Juma'a da la'asar, sai jama'a su taru a gindin dutsen, Sarkin Ruwa ya ɗauki sandar tuƙi yana nuna zanen ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan kowace shekara, da waɗanda aka haifa a cikinta, da waɗanda suka rasu, da gidan da ya sauka. Wannan shi ake kira karatun dutse.

Amfaninsa a fili yake. Ba wanda yake gina ɗaki ƙasa da zanen da ya fi kowanne bisa. In gida biyu suka yi gardama a kan wa ya riga wani shiga fadama, dutsen yake raba su. Tsohuwa ba ta san shekarunta ba, amma ta san zanenta. Ni kaina ina da nawa, domin a can aka haife ni lokacin da mahaifiyata ta je goyon ciki, ko da yake takardar haihuwata Garwa ta ce, gidan mahaifina ɗan kasuwa. Ina ƙarami Kawu ya taɓa ɗora kan sandarsa a kan wani zane can sama, ya ce, "Ga ka nan, ɗan Hajara. Shekarar da dorina ta fasa jirgin Tanko. Da kai da ita kuka zo, kuma ta fi ka ladabi."

Haka yake. Dogon mutum ne mai kaurin murya, ba ya sauri, ba ya ɗaga harshe, kuma in ya yi maka ba'a sai ka isa gida kafin ka gane inda ta dosa. Bai shiga makarantar boko ba ko wuni ɗaya. Amma a duk rayuwata ta aiki ban ga ma'ajin tarihi mai tsantseni irinsa ba. Ba ya ƙara wa shekara abin da ba ta zo da shi ba, ba ya kuma rage mata, ko da abin ya taɓa gidansa. A cikin karatunsa akwai shekarar da aka kama ƙanen mahaifinsa yana ɗage mamarin wani, kuma haka yake faɗinta a gaban 'ya'yan mutumin da jikokinsa.

Ina da shekara ashirin da biyar, sabon ma'aikaci mai guga a riga, aka ba ni aikin rubuta bayanin garuruwan bakin kogi: tarihin kowanne, da asalin mutanensa, da sana'arsu. A ƙarshen takardar akwai gurbi biyu da za a zaɓi ɗaya. Ko dai wurin ƙauye ne zaunanne, ko kuwa abin da Faransanci ya kira campement, wato zangon masunta baƙi masu zuwa su tafi. Na isa Tunga da tsakiyar rani, lokacin da yawancin maza suka bi kifi ƙasa, gari ya yi shiru. Na bi gida gida ina tambaya, "Ku mutanen ina ne?" Wannan ya ce Argungu, wancan ya ce Yawuri, wata tsohuwa ta ce su Kabawa ne tsantsa. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin waɗannan garuruwa. A Tunga aka haife su, a nan aka haifi iyayensu. Sai dai mu, in aka tambaye mu asali, garin kakanni muke faɗi, kuma da alfahari muke faɗinsa. Na san haka sarai, domin ni ma da an tambaye ni Kano zan ce, alhali sai da na kai arba'in na taka Kano. Duk da haka na rubuta abin da kunnena ya ji, na bar abin da na sani.

Da la'asar Kawu ya kira ni mashigi. Ya ce, "Sakatare, rufe alƙalamin nan ka zo ka ji tarihin da kake ta wahalar nema." Ya ɗauki sanda ya fara daga zanen Bawa Gajere, ni kaɗai yake yi wa karatun da ake tara gari guda dominsa. Bai kai zane na ashirin ba na dubi agogo, na ce, "Kawu, hukuma ba ta karɓar dutse. Takarda take so: wa ya ba ku wurin, yaushe, kuma da hatimin wa?" Ya sauke sandar, ya dube ni, ya ce, "Ruwa ne ya ba mu, ɗan Hajara. Ga hatiminsa nan kana kallo." Na yi dariya irin ta wanda ya ɗauka ya fi mai magana sani, na koma Garwa.

Dole in faɗi dalilin da ya fi ƙarfi, domin shi ne mafi muni. Shugabana ya san uwata 'yar Tunga ce. Na ji tsoron a ce na fifita dangi. Ina son a san ni da cewa ko gidan kawuna ba na yi wa sassauci, saboda haka na zaɓi gurbin da ya fi tsanani, na rubuta zango, na sa hannu, na buga hatimi. Ranar na kwana ina jin na yi abin kirki. Don in tsare sunana na zalunci ƙauye guda, na kuma kira abin riƙon amana.

Zango ba a ba shi makaranta. Ba a haƙa masa rijiyar burtsatse, ba a amince masa da jauro, wato mai gari. Duk lokacin da mutanen Tunga suka kai koke, sai a buɗe dosiye, wato fayil ɗin garin, a ga rahotona da kyakkyawan rubutun hannuna, a rufe. Rumfar zana da yaransu suke karatu a ciki har yau, iyaye ne suka kafa ta. Ban ɗora laifin a kan kowa ba sai kaina, amma ba zan ɓoye fushina ba ga irin aikin da yake barin takarda mai shekara arba'in ta rinjayi hayaƙin murhu ɗari da ido yake gani. Mutum nawa suka ratsa ta gaban Tunga a jirgi, suka ga masallaci, suka ga kasuwa, suka koma ofis suka gaskata takarda?

Kawu ya ji labarin bayan wasu shekaru, mahaifiyata ta riga ta rasu. Bai aiko a kira ni ba, sai da na je gaisuwar Salla. Muna zaune a zaure ya ce, "An ce ka rubuta mu baƙi ne." Na ce, "Abin da suka faɗa na rubuta, Kawu." Ya ɗan jima yana gyaran birginsa, sannan ya ce, "To uwarka fa, a gindin giginya, ita ma wucewa take?" Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Ubangijinsa. Kuma bai taɓa cire sunana daga karatun dutse ba.

Na rubuta wasiƙu ina neman a sake duba matsayin ƙauyen. Amsar iri ɗaya ce: rahoton ma'aikacin da ya yi rantsuwa yana nan daram, sai in an kawo sabuwar hujja, ko kuwa shi da kansa ya bayyana a rubuce cewa rahoton ba daidai ba ne. Hanya ta biyu a buɗe take, a hannuna take. Ban bi ta ba. Abin taƙamata a wurin aiki shi ne babu wata takarda tawa da aka taɓa sokewa, kuma na fi son wannan taƙamar da makarantar yaran Tunga. Wasiƙun nawa duka cewa suke yi a sake dubawa. Babu wadda ta ce na yi kuskure.

A shekararsa ta ƙarshe ɗaukarsa aka yi aka sa a jirgi. Hannunsa yana rawa, zanen ya fito a karkace, ya kuma hana a gyara masa. Kwana tara bayan haka ya cika, bai kai ga karatun shekarar ba. Sarautar ta koma ga ɗansa Hamidu, taubashina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a garin Kuseri yana fataucin banda. Hamidu mutumin kirki ne, amma abin da ya riƙe daga karatun farkonsa ne da ƙarshensa, tsakiyar ta kuɓuce masa. Shekara biyu ya yi yana sassaƙa zane ba ya tara mutane, yana cewa ana zaman makoki.

A shekara ta uku ƙungiyar 'yan Tunga mazauna birni ta yanke shawarar yin wani abu don tunawa da Kawu. Mashigin yana da santsi, mata masu ɗauke da kwanon kifi suna faɗuwa, har wata ta karye a ƙugu. Aka ce a gina matakala. Niyya ce mai kyau. Magini ya ce wurin da ya fi dacewa shi ne a jingina ginin da dutsen, a shafe fuskarsa da siminti ta yi sumul, a rubuta sunan marigayi. Hamidu ya yarda, kuma ina zaton har da sauƙin da ya ji a ransa na rabuwa da karatun da bai iya ba. Ina Marwa a lokacin, ina zaune a unguwar Domayo, na aika da amincewata ban tambayi inda za a kafa ginin ba. Ni aka zaɓa in yi jawabin buɗewa. Da jirginmu ya karyo kwana na hangi dutsen fari fat, da sunan Malam Isuhu da manyan baƙaƙe kore, babu zane ko ɗaya. Mun rufe aikin kakanni uku don mu girmama na ƙarshensu. Takardar jawabi tana hannuna, jama'a suna jira. Na karanta ta har ƙarshe, na yabi gininsu, aka tafa, na tafa. Mutum ɗaya ce ba ta zo ba, Goggo Asabe, matar Kawu. Tana can gindin murhun bandarta, taku kaɗan daga wurin, ta ba mu baya.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga Tunga ta yau. Ba na jin inji zai dame shi, domin tun yana raye ya ce kafaɗar mutum ba ta fi ƙarfin hutu ba. Zai ɓata rai da tarun nan mai ƙananan idanu da yake kwashe har 'ya'yan kifi. Samarin da suka bar ruwa suka kama haya da babur a Garwa, zai tambaye su ko suna aiko wa iyayensu mata goro, ya bar su. Wayar da take sanar da mutane za a sako ruwa daga madatsa kuwa zai yaba mata, sannan ya tambaya ko ta san shekarar da aka haifi mai ita. Game da matakalar, na tabbata zai fara cewa Allah ya yi albarka, mata sun huta. Daga nan zai dubi sunansa a jikin siminti, ya nemi a karanta masa, ya ce, "Ni kaɗai? Ina sauran?"

Bana da bazara abin da nake gudu ya iso. Wani kamfani ya nemi fili a bakin kogi don noman shinkafa, aka duba dosiye, aka ga zango. Aka aika wa mutanen Tunga cewa su shirya tashi bayan kaka, da su da murhunansu, sai in suna da hujjar da za su nuna wa kwamitin da zai zo jin koke a farkon damina. Gidaje za su tafi, giginyu za su tafi, da abin da yake gindinsu.

Hamidu ya zo gidana a Garwa da hantsi, ko ruwa bai sha ba ya ce, "Ɗan mace, kai ka ɗaure mu, sai ka taso ka kwance." Na ce, "Ni na ɗaure da alƙalami, kai ka binne da siminti, Sarkin Ruwan da bai iya karatu ba." A da, irin wannan magana dariya take kawowa tsakaninmu. Ranar bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ji, na ɗauka. Ni gobe zan fasa nawa. Kai za ka fasa naka?" Na tashi na bi shi.

Mako biyu aka yi ana ɓamɓare simintin da hannu, a hankali, mazan unguwa uku suna karɓa-karɓa. Matakalar aka bari, shafen fuskar aka cire. Wasu zane kaɗan sun tafi da ɓawon. Sauran suka fito, kuma simintin da ya maƙale a cikin kowane tsagi ya mai da su farare a kan baƙin dutse, har daga tsakiyar kogi ana ganinsu suna hawa suna sauka. Amma zane ba ya magana da kansa. Hamidu ya ɗauki sanda ya fara, ya yi nisa kaɗan, ya tsaya, zufa tana keto masa. Sai muka ji murya daga wajen murhu: "Shekarar da gidan Alhasan suka sauka da jirgi biyu. Aka haifi Ladi da tagwayen Mairo. Ci gaba da nunawa, ni zan faɗa."

Goggo Asabe ce. Idonta ya kusa rufewa, ba ta ganin dutsen. Amma shekara hamsin murhunta yana wurin, kowace shekara tana juya kifi tana jin mijinta, kafin shi kuma surukinta. Mace ba ta karatun dutse, saboda haka ba wanda ya taɓa tambayarta. Na ce, "Goggo, me ya hana ki magana ranar da ake shafe shi?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ku ne masu jawabi."

Kwana uku muka yi, tana faɗa, Hamidu yana nunawa, ni ina rubutawa. A rana ta biyu ta tsayar da shi, ta ce, "Ka tsallake ɗaya." Ya ce, "Inna, babu komai a nan." Ta ce, "Dubi ƙasa. Shekarar da ruwa bai kai ko gindin tsamiya ba, aka ci 'ya'yan bado. Yana nan, sai in kun cinye shi." Yashi ya taru a gindin dutsen. Na ajiye littafi, na durƙusa da farar rigata, na tona da hannu har gwiwar hannuna ta nutse, sai yatsana ya faɗa cikin tsagin. Yana nan, daidai inda ta ce. Na daɗe a durƙushe ban iya tashi ba, kuma ba ciwon gwiwa ne ya hana ni ba.

Da na koma Garwa na zauna na rubuta takardar da na shekara arba'in ina gudu. Na bayyana cewa rahotona a kan Tungar Gajere ba daidai ba ne, cewa na san haka tun ranar da na rubuta shi, da dalilin da ya sa na yi. Na sa hannu da irin sa hannun da yake kan na farko. Ranar da kwamiti ya zo na karanta ta a tsaye a mashigi, da Faransanci sannan da Hausa. A cikin 'yan kwamitin akwai wanda ni na koya wa jera dosiye. Kansa a sunkuye yake har na gama.

Mai awon ƙasa da suka zo da shi mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Da aka nuna masa dutsen sai ya faɗi maganata ta dā kusan kalma da kalma, wai dutse ba hujja ba ne. Amma yana da ido. Ya lura cewa zanen suna ta hawa da sauka, sai a wani wuri suka faɗo ƙasa gaba ɗaya suka daidaita, ban da biyu ko uku. Ya tambayi dalili, na fassara wa Goggo. Ta ce, "Shekarar da aka ɗaure kogi ke nan." Wato shekarar da madatsar Lagdo ta fara riƙe ruwa, wadda shi ya san ta a littafinsa. Ya ƙirga daga nan zuwa zanen Hamidu na ƙarshe, ya ƙara shekara taran da siminti ya cinye, lissafi ya faɗo daidai, ba ragi ba ƙari. Sannan ya juya dama ya fara ƙirgawa baya, yana bi da yatsa, har ya nemi a tura masa jirgi ya taka. Na baya sun ninka na gaba. Da ya kai zanen Bawa Gajere ya sauko, ya roƙi in ba shi kwafin littafin Goggo, ya haɗa da takardata.

Hukunci ya fito a watan jiya. An shigar da Tungar Gajere a matsayin ƙauye. Gidaje suna nan, giginyu suna nan, mahaifiyata da yayanta ba za a tashe su ba. Amma fadamar ƙasa, wadda ta fi girma, ta tafi ga kamfanin, domin a shekarun da ya kamata mutane su nemi takardun gonakinsu, su 'yan zango ne a idon hukuma, ba su da ikon nema. Unguwar Musgun ta fi kowa asara, gonakinsu duk a can suke, kuma ba su da hannu a rahotona ko a simintinmu. Don haka kada mai karatu ya taya ni murna. Da na yi a shekara ta farko abin da na yi bana, da masakwarsu tana nan.

Juma'ar da ta wuce ruwa ya cika kwana uku a tsaye. Na je. Hamidu ya shiga jirgi da gudumar mahaifinsa, ya ɗora ƙarfen dab da zanensa na ƙarshe. Goggo tana zaune a kan matakala, ta ji inda ƙarar ta fito, ta ce, "Matsa hagu. Bar wurin tara." Ya ce, "Inna, ai za mu iya tambayar mutane inda ruwa ya kai, mu cike su." Ta ce, "Wa ya gani ya sassaƙa? Kada ka yi wa dutse ƙarya. A bar su fili, jikokinku su tambaya, ku ba da amsa." Ya matsa. Yanzu akwai wani baƙin fili a jikin dutsen, faɗin taƙi biyu, tsakanin zane da zane, kuma duk wanda ya sauka a mashigi shi yake fara gani.

In na auna abin da ya rage na Kawu Isuhu, jirginsa ya ruɓe, birginsa ya zama igiyar ɗaurin awaki, sunansa da muka rubuta da kore ya bi tarkacen siminti cikin kogi. Abin da ya saura shi ne ɗabi'arsa ta faɗin shekara yadda ta zo, da daɗinta da abin kunyarta, a gaban waɗanda abin ya shafa. Ita ce ta zauna a kunnen matarsa shekara hamsin, ita ce ta tsayar da ƙauyen a ranar da takarda ta so ta tashe shi. Ni da na yi rayuwata ina taƙama da ajiyar tarihi, sai bana na koyi sharaɗinsa na farko daga mutumin da na duba wa agogo.

Da Hamidu ya gama sassaƙa, aka juyo ana jiran sunan shekara. Wani ya ce a kira ta shekarar kamfani, wani ya ce shekarar da aka fasa siminti. Goggo ta ɗaga hannu, ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina, ta ce, "Shekarar da Sakatare ya durƙusa." Aka yi dariya, Hamidu ya fi kowa. Na buɗe littafin na rubuta shi haka, ban rage ko harafi ba. Nan gaba, duk Juma'ar karatu, za a faɗe shi a gaban 'ya'yana da jikokina, kamar yadda Kawu yake faɗin na ƙanen mahaifinsa. Allah ya kai haske kabarinsa, ya gafarta masa, ya gafarta mana.